Jami'a a Facebook: Tirela Mu Ke Kallo, Ina Fim Ɗin?

Mai karatu, in dai ka daɗe ka na kallon finafinan Hausa, ba sai an yi maka dogon bayani a kan tirela ba. Tun bayan da 'Sangaya' ya fito a 1999, 'Wasila' ya biyo baya a 2000, waƙa ta zama ita ke sayar da fim. Har aka kai lokacin da wani furodusan zai ɗauki waƙoƙi kafin a gama rubuta labari, a yanko wuraren da su ka fi armashi a liƙa a farkon wani kaset, dilolin Ƙofar Wambai da na Bata a Kano su gani su yi ciniki. Kai kuma ka biya kuɗin ka a shagon haya, ka koma gida ka zura kaset, sai ka tarar duk abin kirkin da ke cikin fim ɗin shi ne wanda ka riga ka gani cikin minti uku. Sauran awa biyun kame-kame ne kawai. Ba wanda ya yi maka ƙarya da baki, amma ka san an cuce ka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan misali shi ne, a yau akwai wata sabuwar tirela da ake nuna mana kullum a cikin wayoyin mu, kuma masu nuna ta ba 'yan fim ba ne, jami'o'i ne. Ka buɗe shafin kusan kowace jami'a a ƙasar nan a Facebook ko Instagram ko X, za ka ga kusan abu ɗaya. Ga shugaban jami'a ya na karɓar baƙi a ofis, ga shi ya na miƙa kambun yabo. Ga sabon gini an ɗauko shi daga sama da jirgi marar matuƙi. Ga ɗalibai sun sha rigar yaye su na cilla hula sama. Sai sanarwar sayar da fom, sai gargaɗin a yi hattara da 'yan damfara masu buɗe shafin bogi. Duka da Turanci. Tambayar da na ke so mu yi wa juna ita ce: shin wannan ya wadatar? Jami'a ta na da damar ta nuna wa jama'a kyakkyawar fuskar ta kawai, kamar kowane mai haja, ko kuwa akwai wani haƙƙi a wuyan ta wanda babu shi a wuyan mai sayar da atamfa?

Mu a Katsina wannan tambaya ta shafe mu kai-tsaye. In ka hau titin Dutsinma daga cikin birni, makarantu ne jere: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'Adua wadda aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina kafin a sauya mata suna a 2009. Ka miƙe da tafiya ka isa Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda ta zo a 2011. Wani abin lura, a wannan shekarar ta 2006 da aka kafa jami'ar jihar mu, a ita ce Facebook ya buɗe ƙofa ga kowa da kowa, bayan Mark Zuckerberg da abokan sa sun fara shi a 2004 don ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka kaɗai. Ka ga ke nan jami'o'in mu da wannan dandali kusan tagwaye ne, tare su ka girma. Ba su da hujjar cewa abin ya zo masu a baƙo.

Bari mu fara da yi wa talla adalci. Talla ba laifi ba ce. Jami'a mai zaman kan ta da kuɗin makaranta ta ke biyan albashi, in ba ta yi shela ba wa zai san da ita? Ita ma ta gwamnati ta na da buƙatar a ga abin da ta yi da kuɗin da aka ba ta. Hoton yarinyar da ta fi kowa a ajin ta, ta na tsaye da iyayen ta, ya na iya sa wani uba a Rimi ko Batagarawa ya bar 'yar sa ta ci gaba da karatu. Wannan alheri ne, kuma ba ƙarami ba.

Amma ko a kasuwar Charanci, in za ka sayar da sa, ƙa'ida ce ka faɗi aibin sa in ya na da shi. Dillalin da ya ɓoye aibi sunan sa macuci, ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba. To ina ga wanda hajar sa ita ce makomar ɗan mutum? Uban da ya ke duba shafin jami'a don ya zaɓa wa ɗan sa wurin karatu, wataƙila gona zai jinginar ko ya sayar da shanun huɗa. Abin da ya ke buƙatar sani shi ne: wannan kwas ɗin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta tantance shi ko ba ta tantance ba? Don kwas ɗin da ba a amince da shi ba ya na iya hana yaro zuwa hidimar ƙasa bayan ya ƙare. Nawa ne ainihin kuɗin da za a biya, har da waɗanda ba a rubuta a fom ba? Akwai wurin kwana ga ɗalibai mata, ko sai haya a cikin gari? In shafi ya cika da hoton furanni da gilasan gini, ya yi shiru a kan waɗannan, to tirela ce irin ta wancan zamani.

A nan ne bambancin jami'a da kamfani ya ke fitowa. Kamfanin lemo in ya yi ƙarin gishiri a talla, mun san kasuwa ce, ba mu ɗauke shi malami ba. Ita kuwa jami'a duk jarin ta shi ne a yarda da maganar ta. Shi ya sa in gardama ta yi zafi a majalisa, da wani ya ce "wani farfesa ne ya faɗa", sai a yi tsit. Cibiyar da ke koya wa yara cewa kada su rubuta abin da ba su tabbatar ba, wadda ke korar ɗalibi don ya saci amsa, in ita da kan ta ta saba da nuna rabin gaskiya a bainar jama'a, wane darasi ta koyar? Yara sun fi ɗaukar abin da su ka ga an yi a kan abin da su ka ji an ce.

Ka tuna da watan Oktoba na 2019, lokacin da sashen BBC Africa Eye ya fitar da fim ɗin nan na binciken ƙwaƙwaf, 'Sex for Grades', wanda 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, a kan malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Matsalar ba a ranar ta fara ba, ɗalibai sun daɗe su na raɗe-raɗin ta. Amma sai da kyamarar wasu daga waje ta shigo sannan aka tashi tsaye. Darasin a fili ya ke: abin da ka ƙi faɗa da bakin ka, wata rana wani zai faɗa maka shi da lasifika. Ramin ƙarya ƙurarre ne, shi ma ramin ɓoye-ɓoye bai fi shi zurfi ba.

Sannan akwai ranakun da shafin jami'a ya ke zama abin da iyaye ke riƙe da shi kamar igiyar guga. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya fara ne ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur yara na zaune a gida. A watan Oktoba na 2023 kuma 'yan bindiga su ka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma daga gidan da su ke zaune a cikin gari. A irin waɗannan ranaku kowace uwa wayar ta na hannu, kuma jita-jita ta fi iska gudu. Abin da ake buƙata daga kowace makaranta a irin wannan lokaci shi ne magana a kan kari, da harshen da uwar za ta fahimta: ga abin da ya faru, ga abin da ake yi a kai, ga inda za a tuntuɓa. To amma ba a ranar tashin hankali ake gina yarda ba. Shafin da ya saba faɗin gaskiya a ranar daɗi, shi za a gaskata a ranar wuya.

Wannan shi ne haƙƙi na farko, wato gaskiya. Na biyun ya fi shi zurfi, kuma shi ne ya fi damu na. Mu ɗauka jami'a ta faɗi komai game da kan ta ba ɓoye-ɓoye. Har yanzu dai labarin kan ta ta ke ba mu. Ina ilimin? Ina abin da aka gina ta domin sa? Tamkar ka je gidan abinci ne a yi ta nuna maka hoton mai dafuwa da tukwane da lambobin yabon da ya samu, amma ba a zubo maka ko loma ɗaya ba.

Ni difloma gare ni, kamar dubban matasan garin nan, kuma da yawan ku masu karanta wannan shafi ko ƙofar jami'a ba ku taɓa shiga ba. Amma kuɗin da aka gina jami'ar gwamnati da shi na kowa ne: na mai shayi ne, na mai tuƙa Keke Napep ne, na tsohuwa mai ƙosai ne. In ɗan su bai samu gurbi ba, me za su samu a madadin? Da can ana iya cewa ba hanya, malami ba zai bi gida-gida ba. Yanzu kuwa hanyar ta zo har aljihun kowa. Malaman mu na zaure su na cewa ilimi ma ya na da zakka, kuma zakkar sa ita ce a koyar da shi. Tunda ga hanyar fitar da zakkar ta samu a sauƙaƙe, uzurin riƙe ta ya ragu ƙwarai.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Katsina. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ya danganta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a tsakiyar gari ta ke, ba a bayan katanga ba. Garin da ya karɓi Shaihu Al-Maghili a ƙarshen ƙarni na 15, ya fitar da Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani a ƙarni na 17, ya kuma fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, a zaure ya ke ba da karatu. Zaure kuwa ƙofar sa a buɗe ta ke. Marini da maɗinki da fatake su na iya raɓawa su saurara, su yi tambaya, su tashi da wani abu.

Ko da boko ta zo, 'yan farko ba su rufe ƙofa ba. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ita ta yaye Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sun iya Turanci fiye da yawancin mu, amma da Hausa su ka rubuta 'Ruwan Bagaja' da 'Shaihu Umar'. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya riƙa yi wa talaka bayanin Yaƙin Duniya na Biyu da harshen da ya ke mafarki da shi. A baya-bayan nan kuma ga marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2005, bai taɓa yarda muhawarar sa ta tsaya a aji ba, jaridu da tarurrukan jama'a ya ke kai ta. Littafin sa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito tun 1981, da Turanci. Ka tambayi kan ka, Katsinawa nawa ne su ka san abin da ke ciki? Me zai hana wani sashen tarihi ya riƙa gutsuro shi da Hausa, minti uku-uku, duk ranar Juma'a?

Kada ka ɗauka mafarki na ke yi, wasu sun yi an gani. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta zuba darussan ta a intanet kyauta, ta kuma cika alƙawari. A Indiya, ƙasar da mu ka fi sani da Amitabh Bachchan da Shah Rukh Khan, manyan cibiyoyin fasahar su sun fara shirin NPTEL a 2003, su na ɗaukar laccoci a bidiyo don kowa ya kalla. A 2009 Harvard ta fitar da darasin Farfesa Michael Sandel a kan adalci, kashi 12, miliyoyin mutane su ka kalla a YouTube. Wanda ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Nottingham da ke Ingila: a 2008 wani malamin kimiyyar sinadarai, Martyn Poliakoff, ya haɗa kai da wani mai ɗaukar fim, Brady Haran, su ka yi gajeren bidiyo a kan kowane ɗaya daga cikin sinadarai 118 da ke jadawalin kimiyya. Malami ya kawo sani, ɗan fim ya kawo dabarar riƙe mai kallo. Wace talla ce ta kai wannan ɗaga sunan jami'a?

A nan ne maganar ta dawo kan mu, 'yan kallo da masu karatu. Tun a shekarun 1990 malaman jami'a irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu su ka yi ta fafatawa a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna 'Adabin Kasuwar Kano'. A watan Agusta na 2003 aka yi babban taro a Kano a kan finafinan Hausa, inda malamai da 'yan fim su ka zauna a zaure ɗaya, aka buga takardun taron a littafi a 2004. Wannan ya nuna ana iya haɗuwa. Amma tun daga lokacin, kundaye nawa ɗalibai su ka rubuta a kan finafinai da littattafan mu? Kowane marubuci da darakta ya san ɗalibin nan da ke zuwa da rikoda ya ɗauki awa biyu ya na tambayoyi, ya yi godiya ya tafi. Daga nan shi ke nan, kundi ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Wanda aka yi binciken a kan aikin sa bai taɓa jin me aka gano ba, balle ya gyara. An ɗebi ruwa a rijiyar sa, ko kurɓi ba a dawo masa da shi ba.

Abin kuma ya wuce adabi. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, wani saƙo ya zagaya wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Cikin dare ɗaya ya game ƙasa, aka kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. A 2016 tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Manomin rani a bakin dam ɗin Ajiwa ko Jibiya ya na da waya. In masani bai yi masa magana a cikin ta ba, mai maganin ƙarya zai yi. Fili ba ya zama ba mai shi, in ba ka shuka hatsi ba ciyawa za ta fito.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojin su ba na wasa ba ne. Na farko za su ce malami ɗaya na fama da ɗalibai ɗaruruwa, ga albashi ba ya isa, ga ƙarin girma ba ya zuwa sai da maƙala a mujallar masana, wa ke da lokacin bidiyo? Wannan gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya ke kan hukumar jami'a, ita ce za ta sa wayar da kan jama'a cikin abin da ake auna malami da shi. Na biyu za su ce soshiyal midiya kasuwar hayaniya ce. Wannan ma haka ne. Kamfanonin da talla su ke cin abinci, don haka abin da ya fi riƙe ido shi su ke turowa gaba, kuma takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa abin da ke tayar da fushi ya fi samun tafiya. Haɗarin shi ne farfesa ya ɗanɗana zaƙin mabiya, ya koma ya na fatawa a kan abin da ba fannin sa ba, ya zama wani jarumin TikTok mai digiri uku.

Amma maganin wannan ba gudu ba ne, sauya ma'auni ne. Mu 'yan sharhin fim mun daɗe da sanin cewa fim ɗin da ya fi ciniki ba lallai shi ne ya fi kyau ba. Haka yawan dangwale ba shi ne amfani ba. Rubutun da mutum 200 su ka gani, manomi goma su ka ceci gonar su da shi, ya fi hoton da mutum 20,000 su ka yaba su ka wuce. Kuma a tuna da waɗanda ke can gefe. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Dutsinma. Ko a lokacin da layi ke aiki, data tsada gare ta, kuma ba kowa ke karatun boko ba. Saƙon da zai isa ga talaka shi ne gajere, na murya ko bidiyo, da Hausa, marar nauyi, wanda za a iya turawa ta WhatsApp ko a loda wa mutum a shagon masu tura finafinai a waya, gidan rediyo ma ya ɗauka ya sa.

Saboda haka, mai karatu, ga ɗan gwajin da za ka riƙa yi duk lokacin da saƙon wata jami'a ya gifta ta wayar ka. Tambayi kan ka abu uku. Shin an faɗa mani gaskiyar da zan iya yanke shawara da ita? Shin na ƙaru da wani sani da ban da shi ɗazu? Shin in na yi tambaya akwai mai amsa mani, ko bango na ke yi wa magana? In amsar duka ukun a'a ce, to talla ka kalla, ka ɗauke ta a matsayin talla. Kuma ka na da damar ka nemi fiye da haka, cikin ladabi, don da kuɗin ka da na iyayen ka aka yi ginin.

Ku kuma 'yan fim da marubuta, kada ku jira sai an aiko maku da katin gayyata. Ku na da kyamara, kun iya tsara labari, kun san yadda ake riƙe hankalin Bahaushe. Malaman titin Dutsinma su na da abin faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da darakta da dakta su ka zauna su ka fitar da minti uku masu amfani a kan ciwon sikila, ko zaizayar ƙasa, ko tarihin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri, ranar ce za mu ce an daina nuna mana tirela, an saka fim ɗin. Allah ya sa mu ga wannan rana, ya kuma amfanar da mu da abin da mu ka sani.